Amshin da Kawu Ya Bar Mana

Ranar da muka fara zaman makokin Kawu a gidansa na Fort Washington a nan Amurka, masu gaisuwa kashi biyu suka rabu, kowane kashi na kallon ɗayan kamar ya yi ɓatan hanya. Namu mutanen sun cika falo: matan zumuntar coci da zannuwansu iri ɗaya, dattawan coci, da wani Alhaji daga Sterling da suka yi aikin ɗaukar kaya tare da Kawu a filin jirgi. Yana zaune bakin ƙofa yana ta maimaita cewa bai taɓa jin an yi cacar baki da mutumin nan ba. Na bar shi da zancensa, don ni na sha yin cacar baki da Kawu. Ɗaya kashin suna tsaye a hanyar kicin, an ba su kujeru sun ƙi zama. Samari ne da 'yan mata sirara, baƙaƙe da farare, duk ƙafafunsu a buɗe waje irin tafiyar agwagwa, kowa riƙe da furannin da bai san inda zai ajiye ba. Su suka fi kowa kuka.

Wata cikin matan zumunta ta jawo ni ta tambaye ni su waye waɗannan. Na ce 'yan rawar bale ne, rawar Turawan nan ta kan tsinin yatsun ƙafa, waɗanda Kawu ke kaɗa wa piyano. Ta dube su daga sama har ƙasa ta ce, "Au, ashe da gaske ne." Shekara da shekaru ana jin labarin a coci, wasu sun ɗauka tsokana ce kawai.

Matar Kawu na zaune a gefen piyanon, ta lulluɓe shi da zane. Duk wanda ya ce mata Allah ya ba da haƙuri, sai ta gyara bakin zanen kafin ta ce amin. Mama kuwa, mahaifiyata, ƙanwar Kawu, tana kicin tana wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Tun safiyar Alhamis da aka kira mu ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba, kuma hakan ya fi kuka tsorata ni.

Can sai ga malamar 'yan rawar ta shigo. Madam muke ce mata, baƙar Ba'amurkiya ce mai furfura, ba ta taɓa zama bayanta ya jingina da kujera ba. Ta tambaya wace ce ƙanwar Kawu, aka nuna mata kicin. Ta je ta riƙe hannuwan Mama biyu, da kumfar sabulu da komai, ta faɗi iya Hausar da ta sani a duniya: "Muna nan." Matan da ke kusa suka yi ta sa mata albarka, wai ji yadda baƙuwa ta iya gaisuwar mutuwa. Mama ta zare hannuwanta a hankali ta mayar cikin ruwa. Ni da ita mun san ba gaisuwa ba ce. Amshin waƙa ne.

Kafin Madam ta tafi ta ja ni waje, ta ce suna so su yi wasan tunawa da shi nan da wata guda, kuma babu abin da ya dace a yi sai wannan kiɗan nasa da 'yan kallo ke amsawa. Sun samo wadda za ta zauna a piyano, takardar kiɗan kawai ta rage. Ko ya rubuta shi a wani wuri? Na ce zan duba. Tun ina faɗa na san babu abin da zan samu, kuma na san wani ɓangare na laifin nawa ne. Shi ya sa nake wannan rubutu. Idan kiɗan ya tafi, aƙalla mutumin kada ya bi shi.

Kawu ba ɗan makarantar kiɗa ba ne. A wani ƙaramin coci a gindin duwatsun kudancin Kaduna ya koya, a kan wani tsohon ogan, irin piyanon coci da sai ka yi ta taka feda kafin ya yi numfashi. A wurin wani malamin mishan ya koyi karanta takardar kiɗa, ɗigo-ɗigon nan masu sanduna, kuma daga nan ya kamu da kiɗan tsofaffin Turawan da suka daɗe da zama ƙasa. Dattawa yake ce musu. In ya zauna a piyano sai ya lanƙwasa yatsu ya ce yau wane dattijo za a tayar. Akwai wanda yake cewa mai rigima ne, akwai wanda yake cewa bai taɓa ƙoshi ba, akwai kuma wanda ya rantse da mutumin Kafanchan ne da sun yi abota. Kullum kafin ya taɓa maɓalli sai ya tsoma hannu a ruwan ɗumi a roba ja guda ɗaya, wadda ba a yarda kowa ya wanke shinkafa a ciki ba. Shekarun da ya yi yana ɗaga akwatunan mutane a filin jirgi sun bar masa yatsu masu kauri, in ka gan su a kan tebur ba za ka ce suna iya wani abu mai laushi ba.

Hawan jini ne ya kai shi wurin 'yan rawa. Bayan ya yi ritaya likita ya ce ya riƙa motsa jiki, sai ya fara zuwa wani zauren unguwa yana taka injin tafiya, yana ƙorafin cewa mutum ya yi ta tafiya bai je ko'ina ba. Wata rana yana fita ya ji kiɗa daga wani ɗaki yana yankewa yana dawowa. Ya leƙa, ya ga Madam na fama da na'ura, 'yan rawa sun tsaya da ƙafa ɗaya a sama suna jira. A kusurwa kuma ga piyano an jera masa tukwanen fulawa a ka. Shi dai bai nemi izinin kowa ba. Ya sauke tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ya zauna, ya ci gaba daga inda na'urar ta tsaya. Madam ta ba ni labarin cewa ta yi niyyar kiran mai gadi, amma sai ta ga yana kallon ƙafafun yaran ba hannunsa ba. In wata ta makara wajen sauka sai ya ja sautin ya jira ta. Tun daga ranar bai sake taka injin tafiya ba, kuma likita bai taɓa sani ba.

Wasan farko da ya gayyace mu, mun kusa ja masa abin kunya. Ranar Asabar ce da rana. Mama ta ɗebo ƙawayenta na zumunta mota biyu, aka sha ɗaurin kallabi kamar za a biki. Zauren tsit, kowa ya kame. Da 'yan rawan suka fito cikin kayan nan masu manne wa jiki Mama ta sunkuyar da kai ta ce Ubangiji ya yi mana jinƙai. Amma da wata yarinya ta hau kan tsinin yatsun ƙafarta ta fara juyi, tana juyi tana juyi ba ta faɗi ba, sai babbar ƙawar Mama ta kasa haƙuri. Ta rangaɗa guɗa. Kafin in kama zanenta ta miƙe, ta hau dandamali da dala a hannu, tana neman goshin yarinyar ta liƙa mata. Yarinyar ta tsaya cak. Madam ta dafe ƙirji. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Kawu bai tsaya ba. Ya riƙa maimaita layi ɗaya a hankali, yana ƙara masa ado, har matar ta gama liƙinta, ta share wa yarinyar gumi da hankici, ta taka rawa taku uku ta sauko. Sannan ya ɗaga kai ya yi wa yarinyar alama, ta ci gaba kamar da ma haka aka tsara. Zauren ya ɓarke da tafi. A mota ina ta faɗa, ina cewa ba haka ake yi a nan ba, takardar kuɗi a ƙasa tana iya sa yarinya ta zame ta karye. Ya yarda da ni a kan zamewar. Amma ya ce a duk zauren nan matar ce kaɗai ta amsa, sauran sun zauna ne kamar masu jiran a kira lambarsu a asibiti. "Kiɗan da ba a amsa masa ba," in ji shi, "mai shi gunaguni kawai yake yi."

Daga wannan kuskuren aka sāke yadda suke wasa. Madam da kanta ta same shi ta ce tana son abin da ya faru, ban da kuɗin. Suka fara sa 'yan kallo a ciki. Wani lokaci a sa su riƙa tafa hannu, wani lokaci a ce wani ya zo ya danna maɓalli uku duk wanda ya ga dama, Kawu ya gina kiɗa a kansu nan take, 'yan rawa su bi. Wani lokaci a koya wa mutane ɗaga hannu daga kan kujerunsu. Amma abin da ake rufe wasa da shi, wanda mutane ke dawowa dominsa, shi ne waƙar Kaka.

Kaka, uwar su Mama, tana da waƙar da take yi a bakin dutsen niƙa da safe. Ba don nishaɗi kawai take yi ba. Ba ta iya barin niƙa ta bi yara, ga rafi a bayan gida. Saboda haka duk ƙarshen baiti sai ta yi shiru, yaran kuma duk inda suke su amsa, "Muna nan." In ta ji murya ɗaya ta ɓace sai ta miƙe. Kaka ta rasu Mama na ƙarama sosai, Kawu ne babba, shi kaɗai ya riƙe waƙar. Kalmomin ma, waɗanda ban da amshin duk da yaren ƙauyenmu suke, ya ce sun zube masa a hanya tun da daɗewa, karin ne kawai ya maƙale a yatsunsa. Shi ya ɗauko ya ɗora a kan piyano, ya yi masa irin adon dattawansa. Yakan kaɗa baiti, 'yan rawa su watsu ko'ina a dandamali, sai ya ɗaga hannun hagu sama, zauren gaba ɗaya ya ce "Muna nan," su kuma su taru wuri ɗaya. Sau huɗu ake yi. Amurkawa na ja wa kalmar wutsiya, "muuna naan," har abin ya ba ka dariya, amma in ɗaki cike da mutane ya faɗa tare, tsigar jikinka sai ta tashi.

Mama sau ɗaya ta ji, kuma ba ta kai ƙarshe ba. A amshi na biyu ta ɗauki jakarta ta fita. Washegari bayan sujada ta same shi a wurin ajiye motoci na coci, ina tsaye. Ta ce shi ne babba, ba za ta yi masa rashin kunya ba, amma waƙar uwarsu ba ta kasuwa ba ce da zai kwasa ya kai wa masu rawa da cinya a waje. Ita ko fuskar uwar ba ta iya tunawa, wannan amshin ne kaɗai abin da take da shi, shi ma ya raba wa duniya.

Ya ce, "To in ban ba su ba, wa zan ba? Naku yaran da Turanci suke amsa mini gaisuwa."

Mama ta ce, "Gara ka tafi da ita kabari, Yaya."

Ta faɗa, kuma na ji. Sun ci gaba da gaisawa, tana aika masa da miyar kuka da yajin da yake so, amma ba ta sake taka zauren ba, shi kuma bai sake gayyatarta ba. Na san wannan maganar ce take wankewa a kicin ranar makoki.

Akwai abin da Mama ba ta gani ba, ni na gani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma akwai lokacin da na yi aikin wucin gadi a wani gidan kula da tsofaffi, inda su Kawu ke zuwa wasa kyauta duk wata. Piyanon gidan wasu maɓallansa sun mutu, sai ya riƙa kewaye su yana cewa kowa da larurarsa. Akwai wata tsohuwa a wurin da ta manta sunan 'ya'yanta, ba ta magana da kowa, abinci ma sai an lallaɓa ta. Kawu ya sa a riƙa turo kekenta kusa da shi, ya ɗora tafin hannunta a kan katakon piyano don ta ji girgizarsa. A zuwansu na uku, da ya ɗaga hannun hagu, da kunnena na ji ta ce "Muna nan," kafin kowa. 'Yarta da ke gefe ta fashe da kuka, ta tambaye ni me kalmar ke nufi. Da na faɗa mata sai kukan ya ƙaru. Kawu bai taɓa ba wa kowa wannan labari ba, kuma da na so in kai wa Mama ya hana ni, ya ce ba a cin gardama da hawayen mutane.

Tawa rigimar da shi a kan waya ce. Yana da doka: a bakin ƙofa akwai kwando, kowa ya ajiye wayarsa ko ya tura ta can ƙasan jaka. Ni kuwa na ga mutumin yana tsufa, hannunsa ya fara rawa in ya ɗauki kofi. Wata Asabar na ɓoye tawa a ƙarƙashin gyale na fara ɗauka. Ban san yadda aka yi ya gani ba. A tsakiyar baitin farko ya ɗauke hannu daga piyano, ya juyo ya zuba mini ido, 'yan rawa suka daskare, zauren kaf ya bi idonsa. Sai da na kashe na sa a jaka, sannan ya faro daga farko. Ni da nake da 'ya'ya manya, aka yi mini haka a gaban jama'a.

Da aka tashi na tare shi. Na ce don shi nake yi, don jikokinsa, in ba ya son waya to ya rubuta. Ya ce ya iya karanta takarda amma wannan ba ya rubutuwa, don ƙafar masu rawa yake bi, yau daban gobe daban. Game da waya kuma ya ce, "In kin ɗauka za ki ce kina da shi. Ranar da kika ce kina da shi, ranar kin daina saurare ke nan. Kuma hannun da za ki tafa da shi ne kika riƙe waya." Ya sa na goge ɗan abin da na ɗauka a gabansa. Na goge, don Kawuna ne. Na yi wata uku ban je wasansa ba. Har yau ina ganin bai kyauta ba, kuma ba zan fasa faɗa ba don ya mutu. Taurin kai ne, kuma mu ya bari da shi.

Amma shi ya nemi sulhu. Ya kira ni ya ce tunda na damu, in zo ya sa mini a hannu, yadda ba mai gogewa. Na je wata Asabar da safe daga gidana a Woodbridge. Ya dama kunun gyaɗa, ya kawo robarsa ja ya sa na tsoma hannu. Ya dubi faratuna ya ce wannan na kaɗa garaya ne, ya miƙo mini abin yanke farce. Na yanke ina ƙunƙuni. Ya ɗora yatsunsa masu kauri a kan nawa ya danna, ɗaya, biyu, har biyar. Ya sa na maimaita har na gaji. Na ce mu ci gaba mana, ya ce sai waɗannan sun zauna tukuna. Ni kuwa idona na kan agogo, ina tunanin goslon babbar hanya mai lamba 95 da aikin da ke jirana Lahadi. Na miƙe na ce sauran sai mako mai zuwa.

Mako mai zuwa aka sa ni aiki. Na gaba mota ta lalace. Na gaba kuma, gaskiya, gajiya ce kawai ta hana ni. Yakan kira ya ce, "'Yata, faratan sun dawo ko?" in yi dariya in ce Asabar mai zuwa, Kawu. Ranar Alhamis da safe matarsa ta kai masa ruwan ɗumi a robarsa, ta same shi zaune a kujerar falo, ya riga ya tafi. Ni ce ma'aikaciyar jinya a gidanmu, ni ake kira in wani ya yi tari, amma da na isa babu abin da zan yi sai rufe masa ido da kyau.

Na duba, kamar yadda na yi wa Madam alkawari. Ni da matarsa muka kwashe duk abin da ke cikin bencin piyano da akwatunan ɗakinsa. Takardun dattawansa ne tuli, ya yi musu rubutu da fensir a gefe, a nan "a hankali," a can "jira ta sauka." Na Kaka babu ko layi ɗaya. Madam ta yi cigiya ko akwai wanda ya karya doka ya ɗauka, aka samu ɗaya daga wata ma'aikaciyar gidan tsofaffin. Na buɗe. Ashe sai da aka zo amshi ta fara ɗauka, don shi ne ya burge ta. Abin da ke ciki muryar mutane ce suna cewa "Muna nan," da tata muryar da ta fi ta kowa ƙarfi, sai hannun hagun Kawu a sama a can nesa.

Muka tara 'yan rawan da sabuwar mai piyano, wata mata mai haƙuri wadda ta yi karatun abin sosai. Aka ce kowa ya rera abin da ya tuna. Sun ji kiɗan nan ba adadi, amma su ƙidaya suke yi ba saurare ba, kuma kowa abin da ya rera daban. Ni ma da na buɗe baki sai na tarar babu komai. Duk shekarun nan ashe ba kiɗan muke ji ba, hannunsa muke jira ya ɗaga don kada mu makara. Kowa ya riƙe amshi daram, waƙar kuwa mun bar masa, don a ganinmu riƙe ta aikinsa ne. Na zauna na danna mata maɓallaina biyar. Ta ɗora a kansu, ta haɗa da abin da yaran suka rera, ta fito da wani abu mai daɗi ƙwarai. Na ɗauka a waya, wannan karon babu mai hana ni, na kai wa Mama.

Ta saurara har ƙarshe a tsaye. Ta ce, "Ba ita ba ce."

Na ce to ta rera mini yadda take. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce ita tana goye ko tana rarrafe lokacin, amshi kawai aka koya mata. Sannan ta zauna a kan kujerar kicin ɗinta ta ce ita ce ta ce ya tafi da ita, kuma ya ji maganarta. Na ce ba haka ba ne, ni ce ban je ba. Muka zauna kowa na jan laifin zuwa wajensa, kuma babu wanda hakan ya amfana.

Na faɗa wa Madam gaskiya. Ta ce ba za su sa masa kiɗan da ba nasa ba. Rawar tana jikin yaran, za su yi ta haka nan.

Ranar wasan, Asabar da rana, zauren ya cika har da tsaye. Matan zumunta sun zo, Alhajin Sterling ya zo, an kawo tsofaffi a kekuna daga gidan nan. Mama ta zo ba tare da na roƙe ta ba, ta zauna kusa da ni ta ɗora jaka a cinya. Sabuwar mai piyano ta tayar da dattawan Kawu ɗaya bayan ɗaya, an tafa, an ɗaga hannu. Da aka zo na ƙarshe sai ta miƙe ta sauka, ta bar murfin a buɗe. Matar Kawu ta hau ta ajiye robarsa ja a kan benci.

'Yan rawa suka fito suka watsu. Babu kiɗa. Ban taɓa sanin bale na da ƙara ba sai ranar: takalmansu na ƙwanƙwasa katako, ana jin numfashinsu, ana jin wata na ƙidaya ƙasa-ƙasa. Na yi ta tsoron ba za mu san lokacin ba, tunda babu hannun da zai ɗaga. Amma da suka kai wurin, suka tsaya suka juyo, sai zauren gaba ɗaya ya ce, "Muna nan." Babu wanda ya makara. Suka taru, suka sake watsuwa, muka sake amsawa. Sau huɗu muka amsa kiran da ba wanda ya yi. Bayan na huɗu ba a tafa ba, don kullum sai Kawu ya rufe murfin piyano ake tafi, kuma babu wanda ya san wa zai rufe. Muka yi ta zama. Mama ba ta amsa ko sau ɗaya ba, ina jin kafaɗarta a jikin tawa a sandare.

Ni na mayar da ita gida. Muna hawa 95 muka tarar da goslon da ya saba, motoci sun tsaya har iya ganinka, rana na dukan gilashi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Waɗannan biyar ɗin da ya sa miki a hannu. Rera mini."

Na rera. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sai na tsaya, don daga nan babu hanya. Na zaci za ta ce wani abu. Ba ta ce ba. Ta yi shiru daidai tsawon baitin, tana ɗan kaɗa kai kamar mai jin sauran a wani wuri da ni ba na ji. Da ya kai ƙarshe sai ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba, "Muna nan, Yaya."

Hawayen da ta riƙe wata guda suka zubo. Ba ta share ba. Motar gabanmu ta matsa kaɗan, na matsa, muka sake tsayawa.

Ta ce, "Sāke."

Na sāke.